Baƙon Kwana Goma da Tafintansa a Kadawa

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Duk wanda ya taɓa yin sammakon zuwa gona ya san abin da ake nufi, don raɓa da dare take sauka, ta jiƙa ganye, kafin hantsi ya ɗaga ta ɗauke kamar ba a yi ta ba. Amma kuma manomi ba ya raina ta, saboda ya san waken ƙarshen damina da ita yake ƙarasa nuna bayan ruwa ya janye. Baƙon da wannan 'yar maƙala za ta duba shi ne shaihun malamin da jami'a takan kashe kuɗi ta gayyato daga wata ƙasa, ya yi mako ɗaya ko biyu, ya gabatar da lacca, a zaga da shi, sa'an nan a raka shi filin jirgi. Za a dube shi ne ta idon wani ɗalibin Hausa wanda aka ɗora wa nauyin tafinta na rabin yini, nauyin da har yanzu bai gama saukewa ba.

Kano dai ba yau ta fara saukar malamai ba. Tarihi ya nuna zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Bayan su kuma Shehu Muhammadu al-Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Al-Magili bai dawwama a Kano ba, ya wuce har Gawo ta ƙasar Sanwai. Sai dai kafin ya tafi ya bar wa Sarki rubutu a kan sha'anin mulki, kuma bayan shekara ɗari uku malaman jihadi na Sakkwato suna nan suna kafa hujja da rubuce-rubucensa. Watau tun a wancan zamani akwai mai ɗaukar nauyin masauki da abinci, akwai kuma abin da baƙon yake bari a hannun mai masauki. Jami'o'in zamani sun gaji kashi na farko sosai da sosai. Kashi na biyun ne ake tababa a kansa.

Ya kamata mai karatu ya san daga inda kuɗin irin wannan ziyara yake fitowa, domin mai biyan kuɗi shi ke yanka tsawon kwanaki. A zamanin da Jami'ar Ahmadu Bello take yarinya, bayan kafa ta a 1962, akwai wata majalisar jami'o'in Ingila da aka kafa tun 1946 domin taimaka wa jami'o'in ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma aikinta ya haɗa da turo malamai da masu duba jarrabawa, har zuwa 1981 da aka haɗe ta da British Council. Da tattalin arzikin Nijeriya ya shiga wani hali, musamman daga 1986 da aka soma tsuke bakin aljihu, sai baƙi suka yi ƙaranci, 'yan gida ma suka riƙa ficewa. Daga baya ne aka ɓullo da wasu hanyoyi. Shirin Fulbright na Amurka ya buɗe wani reshe a 2001 wanda aka tsara don ƙwararre ya yi mako biyu zuwa shida, Amurka ta biya jirgi da ladansa, jami'ar da ta karɓe shi ta ba da masauki da abinci da mota. A 2013 gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyin wani shiri na dawo da malamai haifaffun Afirka da ke koyarwa a Amurka da Kanada, su yi kwana 14 zuwa 90 a jami'o'in ƙasashe irin su Nijeriya da Gana da Kenya. A gida kuwa akwai asusun harajin ilmi da aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'a, wanda ya koma TETFund a 2011, ko da yake shi ƙarfinsa ya fi tafiya wajen gine-gine da bincike da tura malamai karatu da taro. Bayan waɗannan, jami'a takan ɗan ware wani abu daga aljihunta, ko wata cibiya ta yi hakan daga tallafin da ta samo.

Dalilin gajartar ziyarar a fili yake. Babban malami yana da nasa ɗaliban da nasa aikin, ba zai bar su shekara guda ba. Kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, tikitin jirgi kaɗai ya isa ya cinye abin da wani sashe yake samu na gudanarwa cikin watanni. Don haka ba laifin kowa ba ne a ce kwana goma. Abin tambaya shi ne yadda ake raba kwana goman.

A ranin 2024 wata jami'a daga cikin jami'o'in Arewa ta gayyato wani farfesa daga Turai, masanin ƙasar noma da ruwan ban-ruwa, dattijo wanda furfura ta gama rufe masa kai. An tsara masa laccar jama'a, da zama da ɗaliban manyan digiri, da gaisuwar shugabanni, da liyafa. Aka kuma ware rabin yini guda domin a kai shi Kadawa ya ga noman rani da idonsa. Ana saura kwana biyu sai wani ya tuna cewa manoma ba su jin Ingilishi, kuma bai dace malamin da ke jagorantar baƙo ya zama shi ne mai juya magana ba. Aka aika Sashen Hausa neman yaro mai jin harsunan biyu. Aka dace da wani ɗalibi na shekarar ƙarshe, wanda daɗin daɗawa ɗan yankin ne, mahaifinsa na da gona a cikin aikin. Aka ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama, ya gaya wa tsohon ya kasance cikin manoman da za a gana da su. Yaro ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Daren ranar bai yi barcin kirki ba, yana ta bitar kalmomin aikin gona cikin ƙamus.

Ga wanda bai san wurin ba, Kadawa tana kan hanyar Zariya, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Kano, a tsakiyar filin noman rani da ya shimfiɗu ta ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Aikin ya samo asali ne daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An fara gwaji a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, sa'an nan aka gama babbar madatsar Tiga a 1974. Daga Tiga ruwa yake gangarowa da kansa, ba inji, ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙananan magudanai har ya isa bakin gona. An ƙaddara kashi na farko zai kai hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma tana da tashar gwaji a nan Kadawa. Da sanyi ana noman alkama da tumatir da albasa da masara, da damina kuwa shinkafa ce sarauniya. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a wurin, kuma a shekarar ce tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta yi wa gonakin tumatir kaca-kaca. Saboda duk waɗannan, da kuma kasancewarta a bakin kwalta, Kadawa ta zama kamar zauren baƙi na noman ranin Arewa. Duk wanda aka so a burge, nan ake kai shi.

An tsara tashi da ƙarfe takwas, ba a tashi ba sai goma saura, don ana jiran takardar mai. Motoci biyu ne. Da aka wuce Kura idon baƙon ya faɗa kan kore shar a tsakiyar rani, alkama ta yi kai tana kaɗawa, ga kwandunan tumatir jere a bakin hanya wajen Kwanar Gafan, sai ya yi ta ɗaukar hoto da wayarsa. Aka fara tsayawa gaisuwa, aka sha ruwa, aka yi jawabin maraba da jawabin godiya. Aka je gonar gwaji, inda komai yake a layi kamar sojoji. Sai wajen ƙarfe ɗaya saura aka isa gindin wata bishiya kusa da kanal, inda manoma kamar goma sha biyu suka zauna jira tun da hantsi. Yawancinsu masu gonakin bakin hanya ne, waɗanda ruwa yake fara isa wurinsu. Mahaifin ɗalibin ne kaɗai ya fito daga can ƙurya, inda magudana take ƙarewa, tafiyar da sai an bar kwalta an bi burji. Ya zo a kan kekensa, sanye da rigar da yake zuwa Juma'a da ita.

Da farko aikin ya tafi daidai. Baƙo ya yi tambaya, yaro ya juya, manomi ya amsa, yaro ya mayar. Eka nawa? Yaushe aka shuka? Me ya sa aka makara? Aka bayyana masa cewa alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba don ta sami sanyin hunturu, amma sau da yawa shinkafar damina ba ta bar gona ba tukuna, ga kuma tsadar taki. Duk wannan yana rubutawa. Da aka zo kan tsohon, sai ya sa hannu cikin aljihu ya fito da wani ƙulli a leda, ya kwance. Ɓangaren ƙasa ne, samansa ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Ya ce daga gefen gonarsa ya ɓanɓaro, shekara uku ke nan abin yana ci gaba, duk inda ya fito shuka sai ta tsumbure. Nan take fuskar farfesan ta sake. Ya karɓa, ya murtsuke, ya shinshina, har ya ɗan taɓa a harshe. Ya tambaya ko ruwa yana kwanciya a wurin, ko kuma akwai lambatun da ke fitar da ragowar ruwa. Tsoho ya ce akwai, amma kacala ta cinye shi. Baƙon ya juya wajen malamin da ke jagora ya ce yana so ya ga gonar. Malam ya dubi agogo. An shirya abincin rana, ga shi kuma ƙarfe huɗu akwai wata ganawa a cikin gari wadda ba ta ɗaguwa. Ya ba da haƙuri cikin ladabi.

Tsohon bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga duban agogon. Sai ya gyara zama ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, gaya masa. Tun ina yaro, zamanin Audu Bako, nake ganin irinsu. Sun zo da mota sun auna ƙasa, sun tambayi ubana mata nawa, 'ya'ya nawa, buhu nawa. Ya faɗa musu. Ni ma na girma an tambaye ni, na faɗa. Wasu farare, wasu baƙaƙe irinmu. Har yau ban ga wanda ya dawo ya ce, Malam, ga abin da na gano a gonarka ba. Ba faɗa nake yi ba, baƙo ne, yana da haƙƙi a kanmu. Amma tambaye shi, shi wannan rubutun da yake yi, ina zai kai shi? Wa zai karanta?"

Wurin ya yi tsit. Sauran manoma suka sunkuyar da kai, wasu na murmushi. Ɗalibin ya dubi mahaifinsa, ya dubi baƙon da ke jira da alƙalami a hannu, ya dubi malaman jami'arsa guda uku da ke tsaye, waɗanda ya san sun ji kowace kalma. Ya tuna ɗalibi ne shi, bai karɓi sakamako ba. Ya ji kunya ta rufe shi, irin kunyar da yaro kan ji in tsohonsa ya yi magana a gaban manya ba tare da tauna ta ba. Sai ya buɗe baki ya ce da baƙon, cikin Ingilishi mai kyau, mahaifinsa ya ce sun daɗe suna karɓar masu bincike a wannan wuri, kuma suna maraba da shi, suna fata binciken zai amfane su. Farfesa ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya yi godiya. Babu ko ɗaya daga cikin malaman da ya gyara. Ɗaya ma har ya gyaɗa kai, alamar yaro ya yi hankali. Aka ɗauki hoto gaba ɗaya, aka shiga mota.

Bayan mako biyu ya je gida. Da dare, bayan an ci tuwo, tsohon ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ashe Turanci gajere ne haka? Na ba ka magana mai tsawon igiyar guga, ka miƙa masa abin da bai kai na ɗaure akuya ba. Kuma na yi tambaya, mutum ya amsa mini da dariya." Yaro ya ce, "Baba, gani na yi akwai manya a wurin." Tsoho ya ce, "To, ni ƙarami ne ke nan." Bai ƙara cewa komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Laifin ɗalibin laifi ne, ba kuwa za a wanke shi a nan ba. A aji an koya masa cewa amana ita ce jarin mai fassara, kuma wanda ya rage magana don gudun ɓacin rai ya ci amanar mutum biyu a lokaci guda. Amma akwai abin da ya gani daga baya wanda ya nuna masa cewa shi ƙaramin ƙulli ne a cikin doguwar igiya. Ranar da ya je sa hannu don karɓar ɗan kuɗin motarsa, takardar kasafin ziyarar tana kan tebur a buɗe. Ga tikitin jirgi, ga masauki, ga mota da mai, ga liyafa, ga buga katin gayyata da allon sanarwa, ga babbar riga da hula da aka yi wa baƙo kyauta. Ya duba sama da ƙasa bai ga inda aka rubuta tafinta ba. Shi yana cikin layin ƙarshe ne, wanda aka kira sauran ƙananan abubuwa. Babu kuma layin da ya ce za a mayar da rahoton baƙon cikin harshen mutanen da aka yi wa tambayoyi. Wanda ya tsara takardar ba mugu ba ne. Ya bi tsarin da ya tarar ne, tsarin da ya ɗauka cewa ziyara tana ƙarewa a ranar da jirgi ya tashi, kuma abin da za a nuna wa mai ba da kuɗi shi ne hoto da yawan waɗanda suka halarci lacca.

Wannan cuta tana da suna a wajen masana. Wani Bature mai suna Robert Chambers ya fitar da littafi a 1983 inda ya kira irin wannan zagaye yawon buɗe ido na raya karkara. Ya nuna cewa babban baƙo mai ƙarancin lokaci ba ya barin kwalta, aikin da aka gyara domin nuni ake kai shi, masu hali da maza yake gani, yakan zo ne a lokacin da hanya take da kyau, ladabi kuma yana hana shi da masu masaukinsa taɓo abin da ke da ɗaci. Kai ka ce a gindin bishiyar nan ta Kadawa ya zauna ya rubuta. Abin da Chambers ya ƙara jaddadawa shi ne, gwargwadon girman baƙo gwargwadon tsananin shirin da ake yi masa, gwargwadon kuma ƙarancin abin da zai gani. Hausawa sun riga shi da cewa baƙo ko da ido makaho ne, sai dai su suna nufin a kama masa sanda.

Abin da duniya ta sani game da Kadawa kuwa, daga waɗanda suka zauna ya fito. Tina Wallace ta yi bincike a yankin cikin shekarun 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta nuna yadda ƙaramin manomi da ba shi da kuɗin taki da na lebura yakan ƙare da bayar da gonarsa haya ga mai ƙarfi. Cecile Jackson ta bi rayuwar mata, Musulmi da Maguzawa, waɗanda masu tsara aikin ba su sa a lissafi ba, littafinta ya fito a 1985. A wannan shekarar ce kuma Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya, suka fitar da The Wheat Trap, watau tarkon alkama, inda suka yi bayanin yadda Nijeriya ta kamu da cin burodi alhali noman alkamar a manyan ayyukan ban-ruwa yana da ɗan karen tsada. Shekara biyu bayan haka, a 1987, gwamnati ta hana shigo da alkama, daga baya ta janye hanin. Waɗannan ba rabin yini suka yi ba. Amma a nan ma tambayar tsohon tana nan daram, don duk da Ingilishi suka yi rubutunsu. Mai yiwuwa ne kakan wannan ɗalibi yana cikin waɗanda wani mai bincike ya ƙirga wa buhuna, ya rasu bai san an buga shi a littafi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa a daina gayyatar baƙi ne, a zuba kuɗin a gyaran azuzuwa, kamar yadda wasu kan faɗa a zauren shan shayi. Ziyarar nan ta yi amfani. Ɗalibai biyu na babban digiri sun sami wanda ya duba musu tsarin bincikensu ya nuna musu inda za su yi asarar shekara guda. Wani ƙaramin malami ya sami hanyar aika samfurin ƙasa zuwa ɗakin gwajin da ke da na'urar da babu irinta a nan. Laccar ma ta cika maƙil, kuma ga ɗalibin da bai taɓa fita Nijeriya ba, ganin mutumin da ake karanta sunansa a littafi yana tsaye yana cewa bai san amsar wata tambaya ba, karatu ne mai zaman kansa. Jami'ar da ta rufe ƙofarta takan zama kamar kududdufi. Abin da ake cewa shi ne, a cikin kwana goma an ba gaisuwa da liyafa abin da ya fi kwana biyu, an ba ƙasar da mutumin ya ƙware a kanta minti arba'in. Da an kwana da shi biyu a Kura ko Bunkure, ya fita da asuba lokacin da ake sakin ruwa, ya ga yadda na sama ke toshewa na ƙasa ke jira, da abin da aka kashe bai kai na liyafa ba.

Sa'an nan akwai abin da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, wanda kuma bai kamata a yi ta ɗora wa wasu ba. Sashen Hausa shi ma yakan karɓi irin waɗannan baƙi, kuma wasunsu sun bar abin a zo a gani: Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci na 1977 ya fito ne daga zaman da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka yi a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano tare da malaman gida. Amma in baƙon na aikin gona ne ko na likitanci, sai a ga kamar ba ruwan sashen, sai dai a aiko a ari yaro ana saura kwana biyu. Alhali kuwa duk ilmin da zai fita daga jami'a ya shiga gona ko ɗakin haihuwa a wannan ƙasa, ta ƙofar Hausa zai bi. In har sashen bai nemi a sa shi cikin kasafi tun daga farko ba, da tafinta wanda aka horar aka kuma biya, wanda ba ya tsoron mai ba shi maki, da mai fassara rahoto, da ɗan lokaci a gidan rediyo, to, ba wanda zai tuna da shi. Ɗalibin da aka ara kyauta ba shi da ƙafar da zai tsaya a kai ya faɗi magana mai ɗaci.

Wajen wata guda bayan tafiyar baƙon, sai ga saƙo ta intanet zuwa ga malamin da ya yi jagora, shi kuma ya tura wa ɗalibin. Ashe dattijon ya tafi da ƙullin ƙasar a ransa. Ya rubuto shafi uku, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya biya shi. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan gonar da bai gani ba, amma alamu sun nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama saboda ragowar ban-ruwa ba ta samun mafita. In rana ta yi zafi sai ruwan ya tsotso sama ya bushe, ya bar gishirin da ke cikinsa. Ƙarin taki ba zai yi magani ba. Abu na farko shi ne a buɗe lambatun, sa'an nan a wanke gishirin da ruwa mai yawa ya bi ta ƙasa ya fita, kuma a kai ƙasar a gwada don a san ko tana bukatar wani abu bayan wannan. A ƙarshe ya roƙa a isar wa mai gonar.

Yaro ya kwana uku yana fassara shafi ukun nan. Kalmar da ta fi ba shi wuya ita ce wadda masana ke nufin iyakar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya tsaya. Ya juya ta ya juya, ya ƙare da wata doguwar jimla mai kama da ta takardar jarrabawa. Kafin ya tafi gida kuma ya yi abin da ya fi fassarar wuya. Ya rubuta wa farfesan da kansa, ya gaya masa cewa abin da ya juya masa a gindin bishiya ba shi ne abin da mahaifinsa ya faɗa ba, ya kuma rubuta maganar tsohon ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar ƙarshe. Amsa ta zo bayan kwana biyu. Dattijon ya ce ya lura a ranar cewa maganar ta fi fassarar tsawo, amma shi ma ladabi ya hana shi tambaya. Ya ce gaskiyar amsar ita ce rahotonsa zai je wurin waɗanda suka biya kuɗin tafiya ne, wataƙila kuma wata mujalla da manomi ba zai taɓa gani ba. Ya tambaya ko tsohon zai yarda a sa maganarsa a cikin rahoton.

A bakin gona ya karanta wa mahaifinsa, da la'asar, alkama ta riga ta tashi sai kututture. Da ya zo kan doguwar jimlar nan, tsoho ya dakatar da shi ya ce, "Watau ƙasa ta sha ta ƙoshi har tana amai." Yaro ya ciro alƙalami ya soke tasa ya rubuta ta uban. Da aka gama, tsohon ya ce ai ya daɗe yana zargin lambatun, sai dai bai san shi ke kawo farin ba. Game da roƙon baƙon kuwa ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ka ce masa ya sa. Amma ya sa ta da tsawonta."

Lambatun ya ratsa ta gefen gonakin mutum bakwai, kuma in ba a yashe shi tun daga sama har inda yake zubarwa ba, aikin banza ne. Tsohon ya bi su ɗaya ɗaya bayan sallar Magariba, ɗan yana biye da takardar. Aka sa ranar Asabar. Mutum uku suka zo da lauje da shebur, biyu suka aiko da yara, ɗaya ya ce gonar haya ce a hannunsa, bana zai sake ta. Sun sare kacalar kamar rabin tsawon kafin azahar, suka bar sauran sai wani mako.